Ƙaron Hano da Fasahar Liposom

Hano, wanda ake kuma kira ararrabi, itace ne mai ɓawo da ke saɓulewa kamar takarda. Yana fitowa a wurare masu duwatsu na Arewacin Nijeriya, har da tsaunukan yankin Mubi a Jihar Adamawa. Sunansa na kimiyya Boswellia dalzielii, don tunawa da J. M. Dalziel, likitan da ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916.

Tun kaka da kakanni ake dafa sassaƙensa don ciwon gaɓoɓi da gudawa, ana kuma turare da ƙaronsa. Danginsa ɗaya da itacen lubban, kuma ƙaron wannan dangi na ɗauke da sinadarai masu rage kumburi. Sai dai ba sa narkewa sosai a ruwa, don haka kaɗan ne ke shiga jini idan an sha.

Wannan matsala ce ake son magancewa da liposom, wato ƙanƙanuwar ƙwayar kitse da ido ba ya iya gani, wadda ake lulluɓe magani a cikinta don jiki ya fi karɓarsa. Alec Bangham ne ya gano ta a Ingila a shekarun 1960. A 1995 Amurka ta amince da Doxil, maganin sankara da aka haɗa ta wannan hanya.

Game da ƙaron itatuwa kuwa, yawancin gwaje-gwajen suna matakin ɗakin bincike da dabbobi ne tukuna. Saboda haka kada mara lafiya ya bar maganin asibiti dominsa, kuma a duba lambar NAFDAC kafin a sayi kowane haɗi.