Hargitsin Tsari a Wajen Shimfiɗar CuO2 da Tasirinsa kan Zafin Sauyi a Sinadaran Jan Ƙarfe da Oksijin

Gabatarwa

A 1986 Bednorz da Müller suka gano gudanar lantarki ba turjiya a sinadarin La-Ba-Cu-O, a 1987 kuma Wu da Chu suka kai digiri 93 na Kelvin da YBCO. An yarda cewa lamarin yana faruwa ne a shimfiɗar CuO2. Saɓanin yana kan abin da ke yanke zafin sauyi, wato Tc, zafin da turjiya ke ɓacewa a ƙasansa. Masu bin lissafin Presland da abokan aikinsa na 1991 sun ɗora komai a kan yawan gurabe, wato wuraren da aka cire elektron a shimfiɗar: Tc yana kai ƙololuwa idan gurabe sun kai 0.16 ga kowane atom na jan ƙarfe. Lissafin ya yi amfani, amma ya kasa bayyana dalilin da sinadarai biyu masu gurabe daidai wa daida za su bambanta ƙwarai a Tc. Wannan maƙala tana ganin hargitsin da ke wajen shimfiɗar ne babban dalili.

Hanyar Bincike

An kwatanta sakamakon da aka riga aka wallafa, inda aka riƙe yawan gurabe wuri ɗaya, aka sauya girman atom kaɗai.

Sakamako

Illar zinki a cikin shimfiɗar kanta sananniya ce: kaɗan daga cikinsa a mazaunin jan ƙarfe yana rusa Tc. Abin lura ya fi yawa a gwajin Fujita da abokan aikinsa na 2005 kan Bi2Sr1.6Ln0.4CuO6. Ba su taɓa shimfiɗar ba ko kaɗan. A mazaunin Sr suka riƙa musanya La da Nd, Eu, da Gd. Dukkansu cajinsu ɗaya, don haka gurabe ba su sauya ba. Girmansu ne ke raguwa. Duk da haka Tc ya yi ta sauka gwargwadon tazarar girman atom ɗin da Sr. Mazaunin Sr yana maƙwabtaka da oksijin da ke tsaye a kan jan ƙarfe. Idan ƙaramin atom ya zauna can, sai ya karkatar da wannan oksijin, karkatar ta sauko cikin shimfiɗar, kamar yadda gini kan tsage idan tubalan ba girmansu ɗaya ba. Attfield da abokan aikinsa sun ga haka tun 1998 a dangin La2CuO4. Eisaki kuwa a 2004 ya bi ta ɗaya ɓangaren: ya rage hargitsi a mazaunin Sr na sinadarin Bi2212, Tc ya hau zuwa digiri 96. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, domin gyara tsari ne ya ƙara Tc.

Iyakar Bincike

Dole a amince cewa ba ko'ina ake iya raba hargitsi da gurabe ba. A YBCO, jeruwar oksijin cikin sarƙoƙinsa tana sauya yawan gurabe ita ma, shi ya sa aka ajiye shi gefe. Haka kuma wasu lahani na tsari suna ƙara ƙarfin lantarkin da waya ke ɗauka, amma wannan batun ɗaukar lantarki ne, bai shafi Tc ba.