Kashi Shida a Zango: Yadda Barkwancin Talabijin na Birtaniya Ya Samu Gindin Zama a Gidaje

Shirin Fawlty Towers kashi 12 ne kacal, shida a 1975, shida a 1979. Mr. Bean, wanda yaran Kano da Maraɗi suka san fuskarsa kamar ɗan unguwarsu, kashi 15 ne aka yi tsakanin 1990 da 1995. A ɗaya ɓangaren, shirin Friends na Amurka ya kai kashi 236 cikin shekara goma. Duk da wannan tazara, tsofaffin wasannin barkwanci na Birtaniya har yau ana neman su, ana ajiye su a gida, ana sake kallonsu. Masu sharhi da dama kan ce ai Turawan Ingila Allah Ya hore musu iya raha ne kawai. Wannan bayani bai gamsar da ni ba, domin kowace al'umma tana da masu ba ta dariya. Abin da tarihi ya nuna shi ne, yanayin aikin da aka yi waɗannan shirye-shirye a cikinsa, wato kashi kaɗan, marubuci ɗaya ko biyu, da jarumin da ya rasa hanyar kuɓuta daga halin da yake ciki, shi ya haifar da wasan da ke jure maimaici. Shi kuwa kallon gida, maimaici ne jarinsa.

Tushen abin yana rediyo. BBC ta fara talabijin na yau da kullum a watan Nuwamba na 1936, ta rufe a 1939 da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, ta sake buɗewa a 1946. A shekarun yaƙin, rediyo ne ya riƙe mutane da shirin ITMA na Tommy Handley, daga baya The Goon Show ya biyo a 1951. Waɗannan shirye-shirye zolaya ce bayan zolaya, irin ta dandalin wasa, babu wani labari mai ɗorewa. Sauyin ya zo ne daga wasu samari biyu, Ray Galton da Alan Simpson, waɗanda suka haɗu a 1948 suna jinyar tarin fuka a asibiti ɗaya. A 1954 suka fara rubuta wa Tony Hancock shirin Hancock's Half Hour a rediyo, aka kai shi talabijin a 1956. Sun watsar da waƙe-waƙen tsakiyar shiri, suka tsaya kan mutum guda, mai girman kai da dogon buri, wanda duniya ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Daga nan dariyar ta koma fitowa daga halin mutum, ta daina dogara ga kalma mai ban mamaki. Zolayar da ƙarfinta ke cikin ba-zata tana mutuwa da zarar an ji ta sau ɗaya. Hali kuwa, iya sanin da ka yi masa, iya daɗin da za ka ji idan ka ga mai shi ya sake faɗawa ramin da ka san zai faɗa.

A 1962 marubutan biyu suka ƙara zurfafa wannan hanya da Steptoe and Son, labarin wani tsoho ɗan gwangwan da ɗansa a Landan. Ɗan yana mafarkin barin gida ya zama wani abu, uban kuma kullum sai ya san dabarar da zai yi ya dawo da shi. Sun ɗauki 'yan wasan kwaikwayo na gaske, Harry H. Corbett da Wilfrid Brambell, maimakon masu barkwancin dandali. Karɓuwar shirin ta kai ga a zaɓen 1964 jagoran jam'iyyar Labour, Harold Wilson, ya nemi BBC ta ɗaga lokacin nuna shi, don kada magoya bayansa su zauna kallo su ƙi fita jefa ƙuri'a, kuma aka ɗaga. Tun daga nan, mutumin da ke cikin tarko ya zama ginshiƙin barkwancin ƙasar. A Porridge, na 1974, tarkon gidan yari ne a zahiri. A Fawlty Towers, mai otal ne da ya tsani baƙinsa, yake shakkar matarsa, yake kwaɗayin a lissafa shi cikin manyan mutane. A Yes Minister, na 1980, minista ne da babban sakatarensa ke juya shi yadda yake so. A Only Fools and Horses, wanda John Sullivan ya fara a 1981, ɗan kasuwar bakin titi ne da kullum yake lissafin zama miloniya baɗi. Birtaniya ƙasa ce da aji ya yi wa katutu, inda lafazin mutum kaɗai kan nuna gidan da ya fito, don haka mai ƙoƙarin haura matsayinsa yana zamewa abu ne da kowa ya gani a maƙwabcinsa ko a kansa.

Adadin nan na kashi shida bai faɗo daga sama ba. BBC tana rayuwa ne da kuɗin lasisi da masu akwatin talabijin ke biya, wanda aka fara karɓa a 1946 a kan fam biyu, kuma ba ta sa tallace-tallace a tashoshinta na cikin gida. Saboda haka ba ta da matsin cika makonni masu yawa don masu talla, kuma rabin sa'arta kusan cikakkiya ce, ba a yanka ta. A Amurka tashoshi kan nemi kashi ashirin da wani abu a shekara, su yi fatan tara kimanin ɗari don sayar wa ƙananan tashoshi, abin da ke tilasta a tara marubuta da yawa a ɗaki ɗaya. A Birtaniya mutum ɗaya ko biyu ke rubuta komai, kuma abin da hannu biyu za su iya kammalawa da kyau a shekara bai wuce shida ko bakwai ba. Tashar ITV, da ta zo a 1955 da tallace-tallace, ita ma galibi wannan tsari ta bi. John Cleese da Connie Booth sun shafe kimanin mako shida kan rubutun kowane kashi na Fawlty Towers, suna saƙa abubuwa ta yadda ƙaramar ƙaryar da aka yi a minti na biyar za ta zama bala'i a minti na ashirin da biyar. Irin wannan saƙa ba a gama ganinta a kallo ɗaya. Ga kuma ɗauka a gaban 'yan kallo, wadda ta tilasta wa 'yan wasa sanin inda za su dakata da inda za su ci gaba, ta kuma sa mai kallo a falonsa ya ji kamar cikin jama'a yake dariya.

Ba wanda ya tsara wannan don a ajiye shi, kuma hujjar tana da ciwo. A shekarun 1960 da 1970 kaset ɗin ɗaukar shiri yana da tsada ƙwarai, wurin ajiya ya yi kaɗan, yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita yawan maimaici, ga kuma zuwan talabijin mai launi da ya sa aka raina tsofaffin shirye-shirye masu fari da baƙi. Sai tashoshi suka riƙa goge kaset suna ɗora sabon shiri a kai. Kashi uku na Dad's Army, cikin 80 da aka yi tsakanin 1968 da 1977, har yau ba a same su ba. Yawancin shirin barkwancin Peter Cook da Dudley Moore ya salwanta haka. Sai a 1978 BBC ta kafa tsarin adana shirye-shiryenta. Wani abu da ya tsira, ya tsira ne don an buga shi a fim an aika wa tashoshin ƙasashen waje. A 2013 aka sanar da gano kashi tara na Doctor Who, wanda ba barkwanci ba ne, a wata tashar talabijin a Jos, sannan a 2018 aka bayyana samun kashi biyu na shirin barkwanci na Morecambe da Wise a Saliyo. Afirka ta Yamma ta riƙe abin da masu shi suka zubar.

Da na'urar bidiyo ta shiga gidajen Birtaniya daga ƙarshen shekarun 1970, sai gajartar da ta yi kama da rauni ta zama riba. Kashi uku na shiga kaset ɗaya, biyu sun ɗauke zango guda, kuma mai saye ya san zai iya mallakar shiri daga farko har ƙarshe ba tare da ya cika kanta ba. A Amurka, wata tashar da jama'a ke tallafa wa a Dallas ta fara nuna Monty Python's Flying Circus a 1974, sauran irinta suka bi, har barkwancin Birtaniya ya zama abin da suke jawo masu ba da gudummawa da shi. A 1992 aka buɗe tashar UK Gold, wadda aikinta maimaita tsofaffin shirye-shirye ne. Faifan DVD, da ya iso a ƙarshen shekarun 1990, ya haɗiye zango guda a faifai ɗaya. The Office na Ricky Gervais da Stephen Merchant ya fara a 2001 da 'yan kallo kaɗan, maimaici da faifai suka ɗaga shi. An tsaya a kashi 12 da na musamman biyu, yayin da na Amurka da aka kwaikwaya daga gare shi ya kai 201. Manhajar iPlayer ta 2007 da sauran kafofin kallo ta intanet sun gaji wannan taska ne a shirye.

Akwai masu cewa duk wannan begen da ne kawai, mutane na kallon abin da suka tashi da shi. Akwai gaskiya a ciki, musamman ga Baturen da ya saba zama da iyalinsa ranar Kirsimeti, kamar yadda mutum miliyan 24.3 suka kalli Only Fools and Horses a ƙarshen 1996. Amma begen da bai bayyana dalilin da yaron da aka haifa bayan 2000, a ƙasar da ba ta taɓa ganin shirin a lokacinsa ba, yake dariyar Mr. Bean a wayarsa. Wasu kuma na cewa mulkin mallaka da harshen Ingilishi ne suka share hanya. Tabbas su suka kai fina-finan tashoshin Najeriya, inda Some Mothers Do 'Ave 'Em da Mind Your Language suka yi tashe. Sai dai hanyar nan ta ɗauko shirye-shirye barkatai, aka manta da mafi yawansu, kuma wanda ya fi kowanne bazuwa, wato Mr. Bean na Rowan Atkinson, kusan ba a magana a cikinsa. Suka mafi ƙarfi ita ce, an yi ɗaruruwan shirye-shirye masu kashi shida da ba su da armashi, sun mutu ba wanda ya yi kewarsu, kuma Last of the Summer Wine ya kai kashi 295 daga 1973 zuwa 2010. Haka ne, gajarta kaɗai ba ta sa abu ya yi kyau. Abin da take yi shi ne ta ba marubuci damar gwadawa da ƙaramar asara, ta kuma ba shi ikon tsayawa kafin ya gaji. Shi ma dogon shirin nan, mutum ɗaya ne, Roy Clarke, ya rubuta shi daga farko har ƙarshe, wanda ke nuna cewa murya ɗaya ita ce jigo.

Akwai kuma abin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Wasu shirye-shiryen sun gina dariyarsu kan raina baƙar fata da baƙi. Love Thy Neighbour, na 1972, cike yake da zagin launin fata; tashar da ke yin Mind Your Language ta dakatar da shi a 1979 saboda yadda yake siffanta 'yan ƙasashen waje. Marubuci Johnny Speight ya ƙirƙiri wani jarumi mai suna Alf Garnett don a yi wa mai wariya dariya, amma 'yan kallo da yawa suka ɗauke shi gwarzo. A 2020 aka cire Little Britain daga iPlayer, aka kuma janye wani kashi na Fawlty Towers na ɗan lokaci kafin a maido shi da gargaɗi. Ba na ganin a binne waɗannan shirye-shirye, domin shaida ne kan zamaninsu, amma ba na yarda a ce wasa ne kawai. Abin lura shi ne, lokaci ya yi tankaɗe da rairaya ta hanyar da ta dace da hujjata. Inda dariyar ta dogara ga lafazin baƙo ko launinsa, ta tsufa da wuri. Inda ta dogara ga girman kan jarumin da gazawarsa, ta ɗore. Desmond's, na 1989, kan wani mai aski ɗan Guyana a Landan, ya bi wannan hanya ta biyu daga cikin al'ummar da a da ake yi wa dariya daga waje.

Abin da ya kai waɗannan wasanni cikin gidaje haƙurin tashar da ke biyan marubuci ya zauna ya goge aikinsa ne, ta bar shiri ya samu masu kallo a hankali, ta kuma amince idan ya ce ya gama. Wannan haƙuri yana fuskantar gwaji a yau, domin kuɗin lasisin BBC na shan muhawara, kafofin intanet kuma na auna shiri da alƙaluman makonninsa na farko. Only Fools and Horses bai ja mutane sosai ba a zangonsa na farko, maimaici ne ya cece shi. Duk mai shirya wasan barkwanci mai dogon zango, a Landan yake ko a Kano, yana da abin koyi a nan: ya kashe lokaci kan rubutu fiye da yawan fitowa, ya adana abin da ya ɗauka, kuma ya san ranar da zai tsaya.