Sawakin: Tsibirin Da Kakanninmu Suka Bi Zuwa Makka

Abin da zan kawo muku tarihin wani ɗan tsibiri ne a gaɓar Bahar Maliya, cikin ƙasar Sudan, mai suna Sawakin. Na ziyarce shi a lokacin hutuna na shekarar 2022 don neman dangin mahaifina. Na tabbata da yawa daga cikinmu, in suka bincika a gida, za su tarar akwai wani nasu da ya tafi gabas bai dawo ba.

Sawakin na da nisan kilomita kusan 60 kudu da Fot Sudan. Tsibirin kewayayye ne kamar faifai, kuma mutum zai zagaye shi da ƙafa cikin ƙasa da sa'a guda. Yana can ƙuryar wata siririyar mashigar ruwa wadda ke kare jirage daga igiyar teku, shi ya sa tun da daɗewa fatake suka mai da shi zango. Mutanen wurin suna da almarar cewa a nan Annabi Sulaimanu ya tsare aljannu, wai daga nan sunan ya samo asali. Su kuwa ƙabilar Beja, masu ƙasar, da kalmar kasuwa suke kiransa.

Shahararren matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka a tsibirin a ƙarni na 14. A ƙarni na 16 Turkawan Daular Usmaniyya suka karɓe shi, ya zama ɗaya daga cikin cibiyoyin mulkinsu a wannan gaɓa, sannan a 1865 ya koma hannun Masar. A wannan zamani ne attajirai suka gina benaye masu hawa biyu da uku da dutsen murjani, wato wani farin dutse mai ramuka da ake haƙowa daga teku, suka ƙawata su da tagogin katako masu sassaƙa. Ayarin raƙuma na kawo ƙaro da hauren giwa da gashin jimina, jirage kuma na sauke tufafi da kayan ƙanshi daga Indiya. Kada kuma a manta, har bayi an yi ta fitarwa ta wannan tasha.

Masu tuna darasin Mahadin Sudan a ajin tarihi za su tuna da Usman Digna, kwamandansa na gabas. Tun daga 1883 ya yi ta gwabzawa da sojojin Masar da na Ingila a kewayen Sawakin, amma garin bai taɓa faɗawa hannunsa ba. Abin da yaƙi ya kasa yi, ciniki ya yi shi. Mashigar ta yi wa manyan jiragen zamani ƙunci, sai Turawa suka gina sabuwar tasha, Fot Sudan, wadda aka buɗe a 1909. Attajirai suka kwashe suka koma can. Shi kuwa dutsen murjani, in ba ana shafe shi da farar ƙasa a kai a kai ba, iska mai gishiri cinye shi take yi. Gidajen suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya.

To, ina Bahaushe ya shigo cikin wannan labari? Ta hanyar aikin Hajji. Ko bayan ciniki ya ƙaura, Sawakin ta ci gaba da zama mashigar alhazan Afirka ta Yamma, a nan ake killace su a duba lafiyarsu kafin su hau jirgin Jidda. Hanyar ta ƙara cika bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Maniyyaci kan tashi daga Kano ya bi ta Maiduguri, ya ratsa Chadi ta Abeshe, ya shiga Darfur, ya isa El Obeid inda layin dogo ya tsaya. Guzuri ba ya kai mutum, don haka sai a yada zango a yi ƙwadago, musamman a gonakin audugar Jazira da aka buɗe bayan kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925. Tafiyar da jirgin sama ke yi yau cikin sa'o'i biyar, a da takan ci shekara biyar ko goma. Wasu sun mutu a hanya, wasu an yaudare su an sayar da 'ya'yansu, wasu kuma sun sauke farali amma kuɗin komowa ya gagara. Su ne Larabawa ke kira Takari.

Kakan mahaifina yana cikin rukunin ƙarshe. Ya bar gida da amaryarsa a ƙarshen shekarun 1920, ya bar uwargida da jariri a goye, wanda shi ne kakana. Wasiƙa ɗaya tak, da ajami, ta iso gida ta hannun wani alhaji, a cikinta ya ce ya yi Hajji yana Sawakin yana tara kuɗin hanya. Kakana ya rasu yana da shekara tamanin da wani abu bai san fuskar mahaifinsa ba, kuma wannan wasiƙa ita ce gadon da ya fi ji da shi.

Da ita na isa unguwar Hausawa a Fot Sudan, dattawa suka yi ta miƙa ni daga wannan zaure zuwa wancan, har aka kai ni ga wata tsohuwa a garin Sawakin na kan tudu, daura da tsibirin. Da na faɗi sunan ƙauyenmu, sai ta jero mini sunayen 'yan uwan kakanta kamar yadda ta ji daga bakinsa, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har da jaririn da aka bari. Ta ce, “Ashe kai ɗana ne.” Na ce, “Ni ne, Gwaggo.” Hausarta tsohuwa ce gauraye da Larabci, ga tuwo da miyar kuka a akushi. Ta gaya mini ga-ruwa ya yi, yana ɗauko ruwa a salka daga rijiyoyin bayan gari yana kai wa alhazai, kuma duk shekara sai ya ce baɗi zai koma gida. Ta nuna mini maƙabartar da yake, amma kabarin ya shafe.

Kashegari jikanta ya raka ni muka taka gadar da Gwamna Gordon ya sa aka yi a shekarun 1870 muka shiga tsibirin. Gani ya kori ji. Tsibin fararen duwatsu ne ko'ina, sai kyanwoyi ke yawo a kai. Masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya suna tsaye, don Turkiyya ta gyara su, har shugabanta Erdogan ya kai ziyara a 2017. Na yi sallar azahar a ɗaya daga cikinsu na yi wa tsohon addu'a.

A watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, dubban mutane suka tsere ta wannan teku zuwa Jidda, aka kuma kwaso ɗalibanmu gida. Da na jinkirta da shekara ɗaya, da wuya tafiyar ta yiwu. Gwaggo kuwa ta tsufa, kuma bayanta babu wanda ya haddace sunayen nan.

Saboda haka ina kira ga 'yan ƙungiyarmu, kowa ya zauna da tsofaffin gidansu, ya rubuta sunan wanda ya tafi da garin da aka ji ɗuriyarsa na ƙarshe. In kwamiti ya amince, a ware shafi a fitowa ta gaba don irin waɗannan bayanai, ni kuma na ɗauki nauyin tattarawa. Zumunci a ƙafa yake, amma ƙafa ba ta zuwa inda ba a san suna ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Sudan da ƙasarmu lafiya, amin.