Baƙin gagai: abin da gwaji a kan ɓeraye ya nuna

Baƙin gagai, wanda masana tsirrai ke kira Fadogia agrestis, ƙaramin tsiro ne ɗan dangin bishiyar kofi. Sunansa sananne ne a bakin masu tallar maganin ƙarfin maza, daga unguwanni irin su Runjin Sambo a Sakkwato har shagunan intanet na Amurka.

A shekarar 2005, Musa Toyin Yakubu da abokan aikinsa a Jami'ar Ilorin sun bai wa mazan ɓeraye jiƙon karan tsiron, miligiram 18, 50 da 100 a kan kowane kilo na nauyinsu. Ɓerayen sun yawaita barbara, sinadarin testosteron na jininsu kuma ya ninka sau biyu zuwa shida. Wannan gwaji sha'awa ya auna, ba haihuwa ba.

Binciken da suka wallafa a 2008 ya nuna ɗaya ɓangaren: shan jiƙon na kwana 28 ya taɓa aikin maraina, kuma waɗanda aka bai wa mafi ƙarancin kaso ne suka nuna alamar farfaɗowa. Wani binciken nasu ya gano alamun lahani a hanta da ƙoda.

Duk wannan a jikin ɓera aka gani, ba mutum ba. Lambar NAFDAC a kan kwalbar maganin gargajiya ma ba shaidar yana warkarwa ba ce. Shi ya sa likitoci ke shawartar magidancin da haihuwa ta yi wa jinkiri ya fara da gwajin maniyyi a asibiti.