Gardamar Maharba Giwa: Ƙaramin Harsashi Ko Babba?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya: da gaske ne sai da jibgegiyar bindiga ake iya kayar da giwa? Tsohuwar gardama ce wannan, kuma mutum biyu ne jigoginta.

Na farko shi ne Walter Bell, ɗan Sikotilan da aka haifa a 1880, wanda ake wa laƙabi da Karamojo saboda farautar da ya yi a yankin Karamoja na Yuganda. Giwa 1,011 ya kashe don haurensu, mafi yawansu da bindiga mai bakin milimita 7, wadda nauyin harsashinta kimanin giram 11 ne. Sauran maharba na ɗaukar masu harsashi ninki uku na wannan, suna ganin Bell ganganci yake yi.

Shi kuwa ya san abin da ya taka. Yakan sa a tsaga ƙoƙon kan giwa da zarto, ya duba inda ƙwaƙwalwa take a bayan ƙashi mai kauri da rami-rami kamar saƙar zuma. Sai ya zaɓi dogon harsashi siriri mai rigar ƙarfe. Dalili a fili yake: nauyi ya taru a bayan ɗan ƙaramin tsini, don haka yana ratsa ƙashi kai tsaye. Mai bakin dalma kuwa da ya bugi ƙashi sai ya baje, ƙarfinsa ya ƙare tun bai kai ga ƙwaƙwalwa ba.

Na biyu shi ne John Taylor, mai laƙabin Pondoro. A littafinsa na 1948 ya kawo lissafin da ke haɗa nauyin harsashi da gudunsa da kaurinsa, yana cewa babban harsashi zai sumar da giwa ko da ya kuskure ƙwaƙwalwa. Lissafin na da rauni, domin yana ba kauri lada alhali kauri na rage ratsawa. Hujjar Bell ta fi ƙarfi, sai dai ba kowa ke da saitinsa da natsuwarsa ba.

Bell ya rasu a 1954. Yau ƙasashen Afirka da dama sun hana harbin giwa da irin ƙaramar bindigarsa, cinikin haure tsakanin ƙasashe kuma an haramta shi tun 1989.