Tsohon da Ba Shi da Ɗa: Tarihin Kula da Gajiyayyu da Sharuɗɗansa a Ƙasar Daura

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a gaji gida na musamman da ake tara tsofaffi a cikinsa ba. Tsoho yana ƙare kwanakinsa a turakarsa ko a zauren gidan da ya gina, tsohuwa kuwa a ɗakinta cikin jikoki. A kan haka ake har yau a Mai'adua da ƙauyukanta, zuwa Kongolam a bakin iyakar Nijar. Wannan tsari yana da tushe a fiƙihun da aka karantar a zaurukan ƙasar. Malikiyya sun wajabta wa ɗa mawadaci, namiji ko mace, ciyar da iyayensa matalauta, kuma Shaihu Halil a Muhtasar ya haɗa har da mai yi musu hidima.

Sai dai mazhabar Imam Malik ta fi sauran taƙaita wajibcin ciyar da dangi. Iyaye ne da 'ya'ya kawai. Alƙali ba ya tilasta wa jika ciyar da kakansa, ko ƙane ciyar da wansa. Saboda haka tsohon da bai haihu ba, ko wanda 'ya'yansa suka riga shi, haƙƙinsa yana komawa kan baitulmali da jama'ar Musulmi. Tarihin kula da gajiyayyu a Musulunci, galibinsa tarihin wannan mutum ne.

Abu Yusuf, wanda ya rasu a 182 bayan Hijira, ya kawo a Kitabul Haraji cewa yarjejeniyar da Halidu ɗan Walidu ya ƙulla da mutanen Hira ta ɗauke jiziya daga tsohon da ya kasa aiki, ta kuma ɗora ciyar da shi a kan baitulmali. Kiristoci ne waɗannan, abin lura. Ɗabari kuma ya ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik (705–715) ya sanya wa kowane gurgu mai hidima, kowane makaho ɗan jagora. A duka misalan biyu taimakon ne ke zuwa inda mutum yake, ba a raba shi da muhallinsa.

Da aka fara gina wuraren kwantar da marasa lafiya, sai aka ga cewa tara raunana a bayan katanga yana buƙatar sharuɗɗa a rubuce. Takardar waƙafin asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 ta shiga har cikin ƙananan abubuwa: a ba kowane majinyaci abincinsa a kwanonsa shi kaɗai, a rufe shi don kada wani abu ya faɗa ciki, a tanadi mafitai saboda zafi, wanda ya rasu kuma a yi masa sutura daga dukiyar waƙafin. A fiƙihu sharaɗin mai waƙafi abin bi ne muddin bai saɓa wa Shari'a ba, kuma alƙali yana da ikon tuɓe mai kula da waƙafin idan ya ci amana. Tun kafin wannan, a Bagadaza a 931, Halifa Muƙtadir ya sa aka yi wa likitoci jarrabawa a hannun Sinanu ɗan Sabit bayan kuskuren ɗayansu ya halaka wani majinyaci, kuma muhtasibi aka umarta ya hana wanda bai ci ba yin aiki.

Ƙasar Hausa ba ta bi hanyar manyan gine-ginen waƙafi ba. Abin da ta dogara da shi shi ne zakkar hatsi, da ƙwaryar abincin da ake aikawa gidan maƙwabci da magariba, da gayyar gyara wa tsohuwa ɗaki kafin damina, da sarautu irin su Sarkin Makafi da Sarkin Kutare masu kai kukan mutanensu fada. Ba a rubuta sharaɗi ba domin idon jama'a ya wadatar. Tsohon da aka kwana biyu ba a gani a sahu ba, liman zai tambaya. Farkon raunin tsarin ya zo ne da mulkin Turawa, sa'ad da aka narkar da zakka cikin harajin gama-gari. Daga baya cin rani ya rikiɗe ya zama ƙaura, matasa suka tafi Kano da Legas da Abuja, tsofaffin kuma suka ragu a gida da waya a hannu.

Abin da ya faru a birnin Daura a watan Oktoba na 2019 ya nuna makomar gidan da ya fita daga idon jama'a kuma bai shiga ƙarƙashin hukuma ba. 'Yan sanda sun shiga wani gidan mari, suka fito da mutum 67, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Yara ne da samari da magidanta, babu tsofaffi, kuma iyayensu ne suka kai su da kyakkyawar niyya. Amma tsohon da ruɗewa ta kama ya fi waɗannan rauni, domin shi ko ya faɗi abin da ake yi masa, cewa za a yi tsufa ne.

Nijeriya ta yi dokar kafa cibiyar kula da al'amuran dattawa ta ƙasa a 2017, jihar Katsina kuma tana da hukumar Hisba da ta zakka da waƙafi. Ƙyamar da malamai ke nunawa ga kai iyaye gidan gajiyayyu tana da hujjarta a Suratul Isra'i, amma ba ta amsa matsalar wanda ba shi da ɗa ba. Idan wani mai hali a Mai'adua ya yi niyyar waƙafin gida domin irin waɗannan, abin da ya kamata alƙali ya nema a takardarsa shi ne sunan wanda zai riƙa shiga dubawa ba tare da sanarwa ba, da adadin masu kwana a ɗaki, da mace mai yi wa mata wanka da tsarki, da wanda zai juya kwantacce don kada jikinsa ya yi gyambo, da kuma sharaɗin cewa ba za a rufe ƙofa ga dangi da maƙwabta ba.