Daga Kakar Gero zuwa Kakar Wasa: Tarihin Dandalin Dambe a Ƙasar Daura

Mai sauraren labarin wasanni a rediyo ya saba jin ana cewa an shiga sabuwar kakar wasa duk lokacin da aka buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta Ingila a watan Agusta, alhali a watan nan geron Sandamu da Baure bai kai ga lauje ba. Kalmar daga gona ta fito. Kakar da Bahaushe ya sani ita ce wadda ake yanke gero, a ɗaure dammuna, a cika rumbu, kuma da yake a lokacin ne samari ke naɗa zare su fita dambe, sai sunan ya bi wasa har ƙasashen da ba a taɓa shuka gero ba. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda dandalin dambe na ƙasar Daura yake samun 'yan wasansa a da, da yadda yake tsara lokacinsa, da kuma yadda duka biyun suka kuɓuce masa.

Dambe a asalinsa wasan rundawa ne, wato mahauta. M. G. Smith, wanda ya fitar da littafi kan tarihin sarautar Daura a 1978, ya nuna a nazarinsa na matsayin sana'o'i a ƙasar Hausa cewa jama'a suna ajiye fawa a matakin ƙasa. Kowa na cin nama, amma ba kowa ke son haɗa zuri'a da mai fiɗa ba. Mutanen da aka tura gefe haka sukan gina nasu fagen daraja, kuma rundawa sun gina nasu da kyau. Suna da Sarkin Fawa, suna da kalangu wanda kiɗansu ne na gado, suna da dandalin da ɗan mahauci zai tsaya gaban dagaci da attajiri a yi masa kirari, a sa masa take, a zuba masa kari. A ranar nan babu mai tambayar sana'ar ubansa da raini, domin ita ce ta kawo shi fagen.

Yadda ake samun sabon ɗan wasa yana nan a adane cikin sunayen 'yan damben kansu. Da wuya a ji an kira ɗan dambe da sunan yanka. Sai dai a ce Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane, ko Garkuwan wane. Kowane suna yana faɗin abu biyu: wanda ya rene shi, da matsayinsa a gidan. Yaro yakan fara da ɗaukar jakar layu da zaren ubangidansa, ya riƙe masa ruwa, ya yi shekaru yana kallo daga bakin fage kafin a bar shi ya yi turmi ɗaya da tsaransa a farkon yamma, tun manya ba su fito ba. In ya nuna zuciya, a koya masa tsayuwa, da yadda ake kare fuska da hannun garkuwa, da lokacin sakin hannun da aka naɗe. Sana'ar fawa kuwa ta sauƙaƙa farautar irin waɗannan yara. Mahauci mutum ne mai bin kasuwanni neman dabba, daga Mai'aduwa zuwa Zango, daga nan ya haura Magarya ko Matamaye, domin iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ba ta hana tunkiya ko kalangu wucewa ba. Duk inda ya ga yaro mai dogon hannu da taurin rai, labari zai riga shi isa gida. Abin lura shi ne, ubangida ba ya sayen yaro. Yana ɗaukar nauyinsa ne, ci da sha da magani, wani lokaci har aure, shi kuma yaron ya ɗauki sunansa ya yawata da shi.

Jadawalin wasa ba a takarda yake ba, amma ba a rasa tsari ba. Damina ce ke rufe dandali: daga saukar ruwa a wajen watan Yuni har zuwa Satumba, kowane hannu yana kan fartanya. In an yanke gero, aka cire gyaɗa, aka roro wake, sai bukukuwa su buɗe: auren 'ya'yan mahauta, naɗin Sarkin Fawa, kalankuwar samari. Gari yakan aika wa gari goron gayyata, a zaɓi ranar da ta dace da cin kasuwa domin a sami taro, a kuma duba farin wata saboda masu komawa gida da dare. A kan wannan lissafi na rana da ruwa akwai na wata. Azumi yana tsayar da kiɗa, kuma da yake yana matsowa da kwana goma sha ɗaya a kowace shekara, akan sami jerin shekarun da yake faɗowa tsakiyar kaka ya gutsure mata wata guda cur. Haka Sallar Gani, wadda Daura ta shahara da ita a watan Rabi'ul Awwal, wata shekarar ta tarar da rumbu cike, wata shekarar ta zo ana tsakiyar noma. Dattawan rundawa da ke daidaita waɗannan lissafai biyu ba su da sunan hukuma, amma aikin hukumar wasanni suke yi.

Hasashen yadda kaka za ta kaya ma daga gona ake fara shi. Wanda ya ga zangarniya ta yi nauyi ya san za a yi aure da yawa, za a yi yanka, makaɗi zai sami kari, baƙin 'yan dambe za su sami tuwon da zai riƙe su mako guda a gari. Sai bayan wannan ake zuwa zancen wane ya warke daga karaya, wane ya tsufa, shagon wane ya isa a gwada shi da manya. Makaɗa su ne 'yan jaridar wannan fage. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, daga ƙasar Sakkwato, ya ɗauki sunan Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kore ya kai su kunnen mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsu ba, kuma da rediyo da kaset suka zo, yaron Daura ya tashi yana auna gwarzon garinsu da mutanen da ke nesa da shi da tafiyar kwanaki. Nan ne, a ganina, aka fara sanya wa dandalin ƙauye ma'aunin da ba nasa ba.

Abin da ya karya tsohon tsarin bai zo rana ɗaya ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa ne ke kumbura aljihun kaka a wannan yanki. Farin 1973 ya ƙone amfani, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage, bushiya ta kashe shanu a 1983, sannan wani farin ya biyo baya a 1984. Cikin shekara goma sha ɗaya, manomin da ke ba da kari da mahaucin da ke riƙon yara duk sun sha duka. A daidai lokacin kuɗin man fetur yana birane, samari kuma suka bi shi ci-rani. Inda 'yan kallo suka koma, can wasa ya koma. Aka kewaye fili da kwano, aka sa mai karɓar kuɗi a ƙofa, gidan dambe ya maye gurbin dandali a Kano da Kaduna da Legas, daga baya kuma a Dei-Dei ta Abuja, inda gidan Ali Zuma ya yi suna. Gidan da ke biyan haya ba zai jira Oktoba ba, saboda haka ana wasa da rani, ana yi da damina. 'Yan wasa suka rarrabu rundunoni uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, aka shigo da damben babur da damben mota, yau kuma ga masu ɗaukar bidiyo suna sayar wa duniya ta YouTube. Ba ƙaramar riba aka samu ba: ɗan dambe ya mallaki gida da mota, kuma wasan ya daina zama na 'ya'yan mahauta kaɗai. Amma da mai gabatarwa zai kira suna a Dei-Dei, rundunar yake faɗi, garin da ya reni yaron sau da yawa ba ya shiga lasifika.

Wannan labari na mutanen da aka ware, suka gina fagensu, sannan babbar ƙofa ta buɗe ta kwashe musu gwanaye, yana da ɗan'uwa a nesa, kuma duba shi zai haska namu. A Amurka, inda doka ta raba makarantun farar fata da na baƙar fata a jihohin kudu, baƙaƙe sun dogara da nasu kwalejoji, irin su Lincoln da Howard, inda Nnamdi Azikiwe ya yi karatu. Ba a haɗa wariyar da doka ta kafa a kan bayi da jikokinsu da rainin sana'a ba, nauyinsu ba ɗaya ba ne. Amma abin da ya faru da wasansu na ƙwallon kwando ya yi kama da namu ƙwarai. Sun kafa ƙungiyar gasarsu ta CIAA a 1912. Da yake ba su da inda za su, duk yaro mai baiwa a kudu wajensu yake zuwa, kuma malamai da limaman coci da tsofaffin ɗalibai su ne ke kai labarinsa, kamar yadda mahauci ke kawo labari daga kasuwa. A watan Maris na 1944, mai horarwa John McLendon ya haɗa yaransa na kwalejin baƙar fata ta North Carolina da wata ƙungiyar farar fata ta jami'ar Duke, a ɓoye, ƙofa a kulle, suka ci 88 da 44. Shi ne kuma ya kai Tennessee A&I ga kofin ƙasa na NAIA sau uku a jere, 1957 da 1958 da 1959. Willis Reed daga Grambling ya fito, Earl Monroe daga Winston-Salem.

Hukuncin kotun ƙoli na 1954 ya haramta raba makarantu, kuma a 1966 Texas Western ta fito da baƙar fata biyar a wasan ƙarshe ta doke Kentucky, wadda duk 'yan wasanta farare ne. Nasara ce ta adalci, babu mai musu. Sai dai daga nan manyan jami'o'i masu kuɗi da talabijin suka shiga unguwannin da a da ba sa leƙawa, suka ɗebe yaran. Kwalejojin da suka riƙe wasan shekara hamsin suka koma tsintar abin da aka bari. Jadawalinsu ma ya fita hannunsu. A yau, a watannin Nuwamba da Disamba, da yawansu suna yawo gidajen manyan jami'o'i, a biya su kuɗi su zo a doke su, domin da kuɗin ne ake riƙe sauran wasannin makaranta. Texas Southern ta buɗe kakar 2017 da wasa goma sha uku, duk a waje, ta sha kashi a dukansu, sannan ta dawo cikin tsaranta ta ɗauki kofin gasarsu ta SWAC. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗauko yaro daga ƙauye an tsayar da shi gaban gwarzon birni don 'yan kallo su ga kisa da wuri, ya san irin wannan ciniki. Lokaci zuwa lokaci ƙaramin yakan ba da mamaki, kamar yadda Hampton ta kayar da Iowa State a 2001, Norfolk State ta kayar da Missouri a 2012. Kuma da Makur Maker, ɗaya daga cikin yaran da aka fi zawarci a 2020, ya zaɓi Howard, an yi ta murna kamar ruwa ya juyo gida, amma wasa biyu kacal ya buga musu.

Akwai wata hanya, kuma ba sai an haye teku za a gan ta ba, tana nan bayan Kongolam. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, Nijar ta buɗe gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya fara lashewa. Gwamnati ta karɓi jadawali, amma ta ɗaure ɗan wasa da sunan jiha. Yau jihohi takwas kowace tana tace 'yan kokawa goma tun daga ƙananan hukumomi, gasar Takobi tana zagayawa daga babban gari zuwa wani, kuma akasari cikin sanyin bayan girbi ake yin ta. Sakamakon haka, in Balla Haruna ya yi kaye, Damagaram ce ta yi kaye, in Isaka Isaka ya ɗaga takobi, Doso ce ta ɗaga. Tsarin yana da nasa aibu, domin abin da gwamnati ta riƙe siyasa ba ta rasa shiga cikinsa. Duk da haka ya bar wa ƙauye dalilin ci gaba da renon yaro.

A Nijeriya dambe da kokawa da langa sun sami gurbi a bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973, amma wannan taro ba kowace shekara ake yin sa ba, kuma bai isa ya raya dandalin gari ba. Abin da Daura take da shi yanzu wanda ba ta da shi a zamanin Sarki Abdurrahman ko farkon zamanin Sarki Muhammadu Bashar shi ne manyan makarantu: kwalejin Yusuf Bala Usman, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da jami'ar sufuri. Su ne wuraren da ke tara samari su riƙe su shekara biyu zuwa biyar, wato tsawon lokacin da shago ke yi a hannun ubangidansa. Ga kuma ƙananan hukumomi biyar na masarautar, Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, adadin da ya isa a yi gasar zagaye tsakanin Nuwamba da Janairu, kowane gari ya karɓi baƙi ranar kasuwarsa, da likita a bakin fage, da Sarkin Fawa a kan kujerar da aka san shi da ita.